Dala Ɗari da Tamanin

Ta shigo da ƙarnin kaji a rigarta,
bakwai na safe, ta taso daga aikin dare,
Rosalva, mai fiɗa a masana'antar bayan gada.
Ta ajiye ambulan a kan gilashi:
dala ɗari da tamanin, ba ƙari.
Ta ce, "Mista Orval, sau biyu ana ɓalle min ƙofa.
Waccan mai walƙiya, nawa take?"

Na ce, waccan? Kyan ɗan maciji.
Shekara arba'in da ɗaya ina kwance bindigogi
a wannan lungu na Arkansas,
yatsuna kan gane ƙarfe kafin idona ya gani.
Waccan tutiya ce aka narka aka zuba,
sunanta tutiya, halinta tutiya.
Harbi ɗari biyu, sai tsaga ta fito a kafaɗarta,
siririya kamar gashin gira.

Na jawo akwatin da ke ƙarƙashin tebur,
wanda ba na nuna wa kowa.
Na ce, zo ki ga maƙabarta.

Wannan a kasuwar Asabar aka saye ta.
Kamfanin da ya ƙera ta ya rufe tun ba a haifi 'yarki ba.
Sifirin ɗaya ya karye,
na yi wata shida ina cigiya, ko mai kama da shi babu.
Marainiyar bindiga, kada ki ɗauka.

Wannan kunamarta sai an haɗa yatsu biyu,
kafin ta tashi hannu ya karkace,
ka nufi gabas, harsashi ya gaida kudu.

Wannan kuwa ba ta jiran umarni.
Daga aljihu ta faɗo a ɗakin girki,
ta tashi da kanta, ta huda firji,
taƙi ɗaya tsakaninta da kan jikan mai ita.

Ta nuna ta ƙarshe, mai baƙin tef a mariƙi.
Na yi shiru har agogon bango ya gaji.

Ta Doyle Hatcher ce, mai gidan mai na hanyar Harrison.
Daren da suka shigo masa,
ta yi magana sau ɗaya, ta cije,
kwanso a bakinta kamar kare da ƙashi.
Haka 'yan sanda suka kawo min ita.
Ni na ɗauki kusurwar hagu ta akwatin gawarsa.
Ni ne kuma na sayar masa da ita,
dala sittin, ina murna na yi ciniki.

Rosalva ta kai hannu ga ambulan ɗinta.
Na ce, dakata.
Araha ba zunubi ba ce, ƙarya ce zunubi.
Na ɗauko tsohuwa mai juyi, mai ɗaki shida,
wadda wani ɗan sanda ya yi ritaya da ita.
Fenti ya koɗe, mariƙi ya sha gumi,
ba ta da kyan da za a ɗauki hoto,
amma ba ta taɓa yi min musu ba.

Ɗari biyu da arba'in.
Kawo abin hannunki, saura in an biya ku.
Cike takardar gwamnati, mu jira amsarsu.
Ranar Lahadi ki zo bayan shago
ki ƙona harsashi hamsin a gabana,
ba a fafe gora ranar tafiya.
Ga akwati mai makulli saboda yarinyar, kyauta.
Ki kuma sayi sakata mai kauri,
ita ce ba ta taɓa kashe wanda ba a nufa ba.

Bara ke nan.
Jiya ta biyo da cikon dala goma na ƙarshe
da burodin masara a naɗe cikin takarda.
Na ce, yaya tsohuwa?
Ta ce, "Tana barci."
Na ce, Allah ya ƙara mata nauyin barci.

Mai walƙiyar nan kuwa na cire ta daga gilashi.
Tana cikin akwati, kusa da ta Doyle.