Ranar da Babu Wuta a Agege

Kwana uku ke nan da ɗauke wuta a layinmu,
firji ya koma akwatin ajiye zafi.
Tumatirin da na sayo a Mayil Tuwal ran Talata
ya fara laushi ta gindi, yana hawaye a kwando.
Na san hanyar da ya biyo:
daga fadamar Danja, a bayan tirela,
ya ƙetare gadar Jebba cikin dare,
hanyar da ni ma na bi shekara goma sha ɗaya baya.
Wanda ya sha wannan tafiya
bai kamata ya ƙare a kwata ba.

Sai na jawo kurfoti ƙofar ɗaki.
Gawayin rabinsa ya sha ruwan jiya,
na yi ta fifita da murfin kwali
har Iya Ronke ta leƙo daga bene:
"Malam Barmo, gidan za ka ƙone mana?"
Na ce a'a, Iya, abincin dare nake lallashi.

Tumatir takwas a kan waya.
Tattasai huɗu.
Attarugu uku, na huɗun na mayar, saboda Ladidi.
Albasa na raba biyu ban ɓare ba,
tafarnuwa can gefe, cikin rigarta,
inda garwashi ba ya fushi.

Fata ta kumbura, ta tsage, ta yi baƙi.
Ruwa ya ɗiga a wuta, ya ce cuu,
hayaƙi ya miƙe ya bi igiyar shanya,
ya shige rigar makarantar 'yata,
ya haura katanga, ya tarar da hayaƙin janareta
bai ko gaishe shi ba.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanuka suka yi rawa.
Na juya tattasai da yatsa, na ƙone, na tsotsa.

Na zuba su a kwano, na kife da faranti,
su yi gumi, su saki jiki.
Na sulluɓe fatar, amma ban cire baƙin duka ba,
don nan daɗin yake kwana.

Injin markaɗen bakin titi shiru yake tun Lahadi.
Iya ta sauko da ƙaramin turminta,
da ganyen ɗoɗɗoya biyar da ta tsinko
a tsohon gwangwanin fenti.
Ta ce da Hausarta ta kasuwa:
"Kada ka daka shi lukui, bar haƙori ya samu aiki."
Tafarnuwa da gishiri suka fara shiga,
sai attarugu, na kau da fuska,
albasa, tattasai, tumatir a ƙarshe,
taɓarya tana lugude a hankali kamar mai ba da haƙuri.
Rabin lemon tsami.
Cokalin man gyaɗa.
Na ɗanɗana, na yi shiru, na ƙara gishiri.

Ladidi ta dawo da burodi mai zafi a leda,
Iya ta ɗora agada biyu a sauran garwashi.
Chidi mai gyaran waya ya zo aron ashana
bai koma ba.
"Baba, mene ne sunansa?"
Iya ta ce a garinsu sai an soya kafin a raɗa masa suna.
Na ce ba dage-dage ba ne, ba kuma yaji ba.
Chidi bai ce komai ba, hancinsa ke zuba.

Muna cikin haka yaran layi suka ɗau ihu,
ƙwai ya kama a kowace taga,
firji ya yi tari, ya farka.
An kawo wuta.
Babu wanda ya tashi.
Tamu wutar ta riga tasu,
ga ta nan tana lumshe ido a cikin toka.

Na yagi ɓawon burodi na ƙarshe,
na share gindin turmi tas.
Da safe a danfo, na ɗaga hannu zan biya kuɗi,
yatsuna suna ƙamshin jiya.