Taka, Riƙe, Saki

Garinmu Valparaíso bai san shimfiɗa ba.
Duk titin da ya bar ƙofarmu
a guje yake gangarawa teku
kamar mai bin bashi.

Fijon Baba 'yar sittin da bakwai ce,
launin madarar da ta kwana.
Da ita ya yi tasi, da ita ya biya min makaranta,
da ita ya kai Mama asibiti
ya dawo shi kaɗai.

Ran wata Laraba, cikin ruwan Yuli,
na taka birki, birki ya ce sai gobe.
Gangunan gaba sun sha ruwa,
mota ta karkace hagu tana zamiya,
muka tsaya taku biyu daga teburin mai kifi.
Matar ko ihu ba ta yi ba.
Ta dube ni,
ta ci gaba da kankare kifinta.
Wannan kallon ne ya sa na sayo faifai.

Ubaldo ya kawo kayan daga Quilpué
a naɗe cikin tsohuwar jarida.
Baba Eliodoro na bakin gareji a kujera,
bargo a cinya, sanda a hannun da ke motsi.
"Shekara arba'in ganga na tsayar da ni, Ondina.
Ƙafarki ce ba ta iya roƙo ba."
Ban tanka ba. Na sa jak.

Ganga ta ƙi fita.
Na lallashe ta da mai, na ba ta guduma,
sai ta saki da tari,
ta zubo min baƙar ƙura a hannun riga.
Wani sifirin ya yi tsalle ya shige bayan firji,
har yau yana can.
Shu biyu sun siɗe
kamar dunduniyar takalmin ɗan aike.
A jikin farantin baya, an karta da ƙusa:
Maris, tamanin da ɗaya.
Rubutun Baba ne. Watan da aka haife ni.
Na ɗan jima a tsugune
ina yi kamar noti nake nema.

Ramin maƙalin ya kauce da faɗin ƙwayar shinkafa,
ya cinye min yini guda.
Na cusa wa boris giris da tafin hannu,
faifai ya zauna, yana ƙyalli kamar baƙo a biki,
kalifa ta rungume shi ta gefe biyu.
Sabuwar masta mai ɗaki biyu:
in ɗaya ya yi yoyo, ɗaya ya riƙe amana.

Saura fitar da iska,
aikin da mutum ɗaya ba ya yi.
Ubaldo ya tafi kallon ƙwallo.
Na dubi Baba, ya dubi bango.
Can ya ce, "Ɗaga ni."

Na zaunar da shi a mazauninsa,
kujerar ta gane shi.
Na kwanta a ƙasa da sufana da kwalba.
Taka, Baba. Taka. Riƙe.
Kumfa na fita ta tiyo ɗaya-ɗaya
kamar maganar da aka daɗe ana haɗiyewa.
Saki.
Taka. Riƙe.
Ina jin numfashinsa ta ƙarƙashin mota.
A zagaye na tara ya ce,
"Ta yi tauri."
Bai ce madalla ba.

Da yamma muka gangara.
Daidai teburin mai kifi na taɓa birki,
mota ta tsaya cak, kai a miƙe,
hular Baba ta faɗo kan hancinsa.
"Ba ta da ladabi," in ji shi,
"ta dā sai ta yi sallama kafin ta tsaya."

Ganga ɗaya na bai wa Ubaldo.
Ɗayar, Baba ya hana.
Tana ƙarƙashin gadonsa,
yana tara batiran rediyo a ciki.