Wa Ke Amsa Sallama?

Shekara tara ina gadin ƙofar nan,
ni Illa, ɗan Bagalam,
tocila a hagu, makullai a ƙugu.
Ban san a jikina akwai masu sana'ata ba
sai daren da aka ɗauke wuta,
Dakta Barira ta fito da takalmi wari guda:
Illa, inji! Firji zai huce!

Na ja igiya sau huɗu.
Ya yi tari irin na tsohon mai taba, ya kama.
Muka zauna bisa benci, sauro na karɓar harajinsa.
Na ce, Dakta, me ke ciki haka,
nama ne ko zinariya?

Ta ce, gidaje ne.
Dubu za su zauna a kan allura ba wanda ya matsi wani.
Kowane gida da katanga,
kowace katanga da ƙofa, kowace ƙofa da mai gadi.
In ka ci tuwo, jini ya ɗauko sukari,
ɗan aike na tafe da shi, ya yi sallama.
Mai gadi ba ya barin wurinsa.
Juyawa kawai yake, ya taɓa na bayansa,
na baya ya taɓa na baya,
kamar labarin haihuwa cikin unguwa,
har can ƙurya wani ya zare sakata.

Na ce, in ya yi barci fa?
Ta ce, ba barci ba ne, nauyin kunne ne.
Ana ta sallama, ana ta sallama,
baƙo na tsaye a rana,
mutanen gida na kwana da yunwa,
abinci kuwa ga shi a bakin ƙofa yana ɓata hanya.
Abin da ke toshe kunnen nake nema.

Ban ce komai ba.
Yayata Tsahara na tuna,
mai kwaɗon zogale a bakin tasha,
yatsun ƙafa biyu ta baro a asibiti.

Damina shida ta wuce.
Gulbi ya cika ya janye, ya cika ya janye.
Sau ɗaya firjin ya huce da gaske,
aikin wata goma ya koma ruwa.
Ranar ba ta yi kuka ba,
gilasai ta wanke har la'asar, waɗanda ba su da dauɗa.

Ran nan ta nuna mini takarda da Turanci.
An ambace ta, in ji ta, sau arba'in da uku,
a garuruwan da sunansu ke karya harshe.
Na ce, an biya?
Ta ce, a'a.
Na ce, an samu maganin?
Ta ce, tukuna. Mutum na biyar a layin na gano,
wanda ake taɓawa ba ya juyawa.
Shekara shida, mutum guda!
Na riƙe bakina, ba huruminka ba ne, Illa.

Amma ni na kai wa Tsahara zancen.
Na ce Dakta ta ce tafiya na wanke kunnen mai gadi.
Ta harare ni, ta ce ashe ƴan gadi duk halinku ɗaya.
Yanzu bayan la'asar sai ta rufe kwano,
ta taka har gadar gulbi,
ita da Habsu da wata Laure mai hura,
su uku, wani lokaci bakwai,
suna tafe suna zagin masu gadinsu.
Maganin likita na nan a kullin zane, ba ta fasa ba.
Yatsu takwas, har yau takwas.

Wannan ba ya cikin arba'in da ukun.
Ban ma gaya wa Dakta ba.

Ƙarfe biyun dare yanzu, inji na ƙugi,
man ya kusa rabi.
Wani na taɓa ƙofa, ƙila ɗalibinta ne Sanusi,
kullum sai ya manta makulli.
Bari in tashi.