Gadon Gado

A amalanke na kai shi Katako,
ina tafe a gefe, hannu a kansa kamar mai jinya.
Mai turawa ya share gumi ya ce:
yarinya, akwati ne wannan ko dutsen niƙa?

Amfilin kawuna ne, Gado,
shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin gadon inna,
fatarsa ta saɓule a kusurwa,
maɓalli ɗaya ya ɓace, an maye shi da murfin kwalba.
Ina da nawa sabo, ɗan mitsitsi, na rataya a kafaɗa,
muryarsa tas kamar ruwan leda.
Amma na ji wani tsohon kasat
inda gitar bas ta kawu ke tafiya ƙasa ƙasa
kamar sa yana nishi a bakin rijiya,
kuma tun ranar barcina ya ragu.

Rumfar Arzika na bayan masu tsoffin ƙusoshi.
Kunnensa na hagu ya mutu tun tuni,
na dama ma sai an ɗaga murya.
Ya kalli akwatin. Bai tambaye ni suna ba.
Ya ce: har yanzu yana ɗingishi?
Na ce: ya rasu.
Ya ce: akwatin nake nufi.
Sai ya sa ɗan dutse a ƙarƙashin ƙafar da ta karye.

Ƙusa takwas a baya, biyu baƙi ne.
Ciki kwalabe huɗu a jere, ƙura ta yi musu hula,
zanzaro ya gina ɗaki a kan wayoyi ya tashi.
Warin dalma, warin katako da ya sha zafi.
Muka jira wuta har la'asar.
Da ta dawo, kwalaben suka yi ja a hankali
kamar garwashin mai shayi.
Ya ce: kar ki taɓa tukuna.
Tsoho ba ya magana da tashinsa daga barci.

Na ja tsirkiya mafi kauri da babban yatsa.

Bai saurara da kunne ba.
Ya ɗora ƙaramin kofin shayi a kan akwatin
yana kallon yadda fuskar shayin ke rawa,
tafinsa a jikin katako,
kwanon rufi na amsawa,
mai gyaran agogo na maƙwabta ya dafe teburinsa.
Na ji ta a haƙarƙari kafin kunne,
mai kauri, mai ɗumi, da 'yar ƙaiƙayi a gefe,
wannan ƙaiƙayin da na nema a injuna bakwai ban samu ba.

Na ce: menene sirrin? Kwalaben ne?
Ya yi dariya, ya juyo da lasifikar.
Takardar bakinta ta tsage tun wani daren biki a Gamkalle,
an liƙe tsagar da ƙaro
da guntun takardar makaranta mai layi.
Ya haska da tocila. Rubutun kawu, a karkace:
Arzika na bina jika uku da rabi.

Ya ce: ba ni da sabuwar takarda a daren,
sai wadda ya rubuta mini.
Da ita na liƙe.
Shekara talatin bashina na waƙa a gidajen mutane.
In na ɓamɓare, muryar ta tafi.
In na bari, shaidata ta tafi da ke.

Na ƙirga jika uku da rabi a kan benci.
Ya ture ɗari biyar ya dawo mini da ita:
wannan ta mai amalanke ce, zai ƙara miki kuɗi,
hanyar Bukoki hawa ce.

Ya mayar da ƙusoshin, har da baƙin biyu.
Gidan zanzaron ma bai fasa ba.
Ya ce bai san me yake ƙarawa ba,
kuma ba zai gwada ba.