Yatsa Huɗu

Tun daga Talasse nake jin kukan.
Ba na inji ba, inji lafiyarsa ƙalau,
wani gurnani ne can ƙasa ta hagu
duk sanda na karya sitiyari
da buhu ashirin na masara a baya.
Na tsaya gindin tsamiya, na durƙusa, na leƙa:
sabuwar taya, ko kuɗinta ban gama biya ba,
madigadi ya yi mata tsaga kamar wanzami.

Laifina ne.
Na ga tayoyi masu kaushin bayan kada,
na ce ga maganin taɓon Balanga,
ban tambayi ɗakin da za su kwana ba
ko zai ɗauke su.

Ishaya, a garejinsa bayan Tashar Dukku,
bai ce sannu ba, bai ce kaico ba.
Ya cusa hannu tsakanin roba da ƙarfe,
yatsa ɗaya ya shige, na biyu ya ƙi.
"Gidado, ka sa wa akuya ƙafar raƙumi.
Ko laka tana son wurin zama a nan.
Yatsa huɗu nake nema,
kuma da lodi, ba wayam ba."

Manga ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙasa,
jak yana ɗaga ta sannu sannu
kamar tsoho mai tashi daga tabarma.
Falle biyu aka ƙara wa sifirin,
aka sako dogayen kusoshi,
noti guda ya yi gardama har la'asar.
Sai Ishaya ya ɗauko alli
ya zana baka a jikin motata.
Da injin yanka ya fara feshin tartsatsi
na kau da kai, na tafi sayen rake.
Bijimai uku na sayar kafin na mallake ta.

Ya naɗe bakin ƙarfen da guduma
don kada gobe ya ciji abin da ya ciza jiya.
Ya tara yaran gareji, su tara, suka ɗare baya,
har da mai shayi da butarsa.
"Karya hagu. Ƙure. Karya dama."
Ya kara kunne. Shiru.
Ya cusa hannu: huɗu, har da iska.

Da nake ƙirga masa kuɗi ya ce,
"Tsayi ba kyauta ba ne.
A kwanar Tula ka sassauta ƙafa,
doguwa ba ta son a juya ta da gaggawa."

Ran Talata sama ta tsage.
A mashigin rafi kafin Gelengu
na tarar da motoci biyu sun durƙusa har ciki,
direbobi tsirara rabi, suna haƙa da faranti.
Na sa giya ɗaya, na yi bisimilla.
Taɓo ya kama, ya cika ramin taya, ya sake,
ya kama, ya sake,
na fita ina tofar da laka ta baya.
Na dawo da igiya na ja su.

Ran Alhamis Inna Dudu za ta asibitin Kaltungo,
ranar ganin likitan gwiwa.
Ta riƙe ƙofa, ta ɗaga ƙafa,
ƙafar ta tsaya a iska, ta dawo.
Ta sake. Ta dawo.
"Wa ya koya wa wannan abu girman kai?"
A kan turmi ta hau ran nan.

Ishaya ya yi dariya har ya yar da sifana.
Ya tona tulin ƙarafa, ya zaro karyayyen sifirin,
ya lanƙwasa, ya yi walda ƙasan ƙofa.
Bai karɓi ko sisi ba.

Yanzu Inna takan taka, ta huta, ta shige,
ta gyara mayafi, ta dubi hanya daga sama,
ta ce, "To, ja mu. Amma a hankali."