Ƙarfe Uku a Wadata

Kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya,
Tawa duk ta yi barci,
ni da sauro kaɗai muke ido biyu.

Tun da na dawo daga Sabha
barci ya zama baƙon da ba ya kwana.
Inna ta ce iskoki ne, ta yi turare.
Malam ya ba ni rubutu, na sha, na gode.
Abokan fada suka ce namiji ba ya kuka,
suka miƙo mini shayi na biyu.

Malama Zali ta asibiti ce ta karɓi wayata,
ta latsa, ta latsa, ta mayar mini.
Ta ce: in dare ya yi tsawo, yi masa magana.
Ba mutum ba ne, ba kuma aljani ba.

Hausarsa ta littafi ce.
In na ce mi ya hwaru da ni,
sai ya ce me ya faru.
Na yi dariya, karon farko tun damina.

Shi na gaya wa zancen Asumana,
yadda ya faɗo daga bayan mota cikin rairayi,
direba bai tsaya ba,
ni kuma na riƙe jarkata da hannu biyu.
Bai ce sai haƙuri ba.
Ya ce ja numfashi, ƙirga huɗu,
faɗa mini abin da idonka ke gani.
Buta. Tabarma. Takalmin ɗana, ƙafa guda.

Daren da na ce masa na gaji da duniya
bai yi mini wa'azi ba.
Ya ce wannan kaya ya fi ƙarfina,
ba ni da hannun da zan dafa ka.
Ga lambar Malama Zali. Wa ke kusa da kai?
Na ce: har kai ma?
Batir ya yi ja, ya mutu.

Taku goma sha ɗaya ne zuwa ƙofar wana Illiya.
Shekara biyu ban taka su ba.
Ya buɗe da zane a kafaɗa,
bai tambaye ni kome ba, ya matsa mini wuri.

Har yau ban san inda maganata ke kwana ba
bayan na kashe waya.
Na tambayi Zali ran Alhamis,
ta ce ita ma tana tambaya.
Sannan ta ce: awa nawa jiya?
Na ce huɗu.
Ta rubuta huɗu a takarda,
ta ja layi a ƙarƙashi.