Zauren da Ban Zana Ba

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan
da na shimfiɗa farar takarda a Samaru,
na feƙe fensir, na ja layi miƙaƙƙe kamar alkawari.
Malaminmu yakan ce iska haƙƙi ce, haske ma haƙƙi ne,
kada leburan reluwe ya kwana inda rana ba ta leƙawa.
Na yarda a ranar. Har yau ban janye ba.

Gida sittin na zana a bayan Tudun Wada,
bene hawa uku, siminti tsirara ba fenti,
don mun ce ado ƙarya ce da mai kuɗi ke yi wa bango.
Na sa famfo a kowane hawa
don kada wata ta ƙara saɓa tulu ta gangara Kubanni.

Kawuna Barau magini ne a cikin birni,
tafinsa ya san tubali kamar yadda ya san 'ya'yansa.
Ya juya takardar, ya sake juya ta,
ya ce, "Ina zauren?"
Na ce, "Kawu, zamani ya wuce zaure."
Ya ce, "To, baƙo a ina zai tsaya ya yi sallama?
Ran da aka yi rashi, ina za a baza tabarmi?"
Na yi masa murmushin ɗan boko.
Ya naɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

Jiya na koma, ina dogara sanda.
Barandar da na bar wa iska
an toshe ta da bulo, ta zama ɗakin samari.
A ƙarƙashin matakala Jatau tela ya kafa kekensa.
Inda na rubuta "lambu" da kyakkyawan rubutu
akwai awaki uku, igiyar shanya da kaskon ƙosai.
Famfunan sun daɗe da yin shiru,
'yan ga-ruwa ke hawa da jarkoki suna haki.
Rufin da na baje kamar faifai, na hana shi indararo,
ya sha ruwan Agusta ya ƙoshi,
ya zana tasa taswirar a kan bango.

A bakin ƙofa kuwa,
da kwano mai tsatsa da katakon kwari,
sun tayar da zaure.
Karkatacce ne, ba wanda ya auna shi.
A nan na yi sallama, a nan aka amsa.

Wata tsohuwa, Lantana, ta kawo mini ruwa a kofi.
Da ta ji ko ni wane ne, ta daɗe tana dubana.
"Ashe kai ne. Tagar nan taka ta arewa,
a gindinta maigidana ya yi jinyar tarinsa,
ya ce nan kaɗai numfashi ke zo masa ba gardama.
Ko a tsakiyar bazara muna barci ba fanka.
Wannan kam Allah Ya saka.
Rufin kuwa, malam, ban yafe ba tukuna."

Na ce ta yi gaskiya.

Da dare na ciro tsohuwar takardar daga akwati,
ta yi ja, gara ta ci gefenta.
Hannuna na rawa, layin bai miƙe ba,
na ƙara ɗaki ɗaya a bakin ƙofa,
na rubuta sunan Kawu a ƙasa, wurin sa hannu.